Awon Talauci a Karkarar Kano: Sharhi a kan Littafin Polly Hill

Mai yiwuwa ne wasu daga cikin 'yan ƙungiya su ce me ya kawo maganar tattalin arziki cikin mujallar da aka saba ganin waƙa da tatsuniya da nazarin karin magana a cikinta. To, ina roƙon mai karatu ya ɗan yi mini haƙuri. Littafin da zan yi sharhi a kansa da Turanci aka rubuta shi, kuma ba ƙagaggen labari ba ne, amma mutanen da ke cikinsa iyayenmu ne da kakanninmu, kuma rigimar da ya tayar mini a zuci rigima ce ta kalmomin Hausa. Sunansa Population, Prosperity and Poverty: Rural Kano 1900 and 1970, watau yawan jama'a da wadata da talauci a ƙauyukan Kano. Wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill ce ta rubuta shi, Maɗaba'ar Jami'ar Kambirij ta buga shi a 1977.

Ba a aji na fara cin karo da shi ba. Sa'ad da na shiga karatun digiri na biyu a fannin nazarin talauci da raya ƙasa, zangon farko kaf a kan manyan sunaye muka ƙare shi. Mun karanta Malthus, wanda ya ce tun 1798 yawan jama'a zai riƙa tsere wa abinci har yunwa ta zo ta daidaita su. Mun karanta Ester Boserup 'yar ƙasar Denmak, wadda ta juya maganar a 1965, ta ce matsin jama'a shi ke tilasta wa manomi ya ƙara dabara har ya iya cin gona ɗaya kowace shekara. Mun karanta Amartya Sen na Indiya, wanda ya nuna a 1981 cewa mutane suna iya mutuwa da yunwa alhali akwai hatsi a ƙasar, kamar yadda aka yi a Bengal a 1943. Layin talauci na Bankin Duniya kuwa haddace shi muka yi tamkar karatun allo: dala ɗaya a rana a 1990, ya koma 1.25 a 2008, 1.90 a 2015, 2.15 a 2022, dala 3 a 2025. Muka haɗa da na gida, watau binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 da ya sami kashi 40 cikin ɗari na 'yan Nijeriya a ƙarƙashin naira 137,430 a shekara, da na 2022 wanda ya duba lafiya da ilimi da muhalli ya ƙirga mutum miliyan 133. Duk wannan ilimi ne, ban raina shi ba. Sai dai har zangon ya ƙare ban ji an ambaci cewa a bayan ganuwar Kano akwai gonakin da masana suka shafe fiye da rabin ƙarni suna gardama a kansu ba. A cikin gonakin nan kuwa aka yanke cibiyata.

Garinmu yana tsakanin Gezawa da Minjibir. Wanda ya taɓa bin ƙasar nan, ko ta Ungogo ko ta Dawakin Tofa, ya san kamanninta: gona na jingine da gona, babu daji, babu saura, gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya suna tsaye a tsakiyar shuka kowace da mai ita, gidaje kuma a warwatse ko'ina ido ya kai. Irin ƙasar da ake zuba wa taki ana nomawa shekara da shekaru ba hutu ita ce asalin abin da Bahaushe ke kira karkara, ko da yake yanzu 'yan jarida sun mayar da kalmar ta zama kowane ƙauye.

Da lokacin bincike ya zo, sai na ɗauki takardar tambayoyi, wadda na fassara da kaina daga Turanci, na nufi gida cikin bazara. Da Baffana na fara, ƙanin mahaifina, don na ga kamar zai fi sauƙi. Bayan la'asar muka zauna a zaure.

Na ce, "Baffa, a nan an ce in tambaye ku, kuna ɗaukar kanku talaka?"

Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "To da sarki ne ni? Kai ɗan nan, duk garin nan in ka cire Dagaci wane ne ba talaka ba? Alhajin nan mai motocin ɗaukar hatsi zuwa Dawanau ma ai talaka ne."

Na wuce zuwa ta gaba. "Nawa kuke samu a wata?"

"Wane watan? Na kaka ko na marka?"

"Awaki nawa gare ku?"

"A turke akwai goma sha ɗaya. Nawa biyu ne. Sauran ka shiga ka tambayi iyayenka mata, in za su gaya maka."

Da na zo kan tambayar ko abinci yana isar gidan, sai ya ce, "Alhamdu lillahi, asiri a rufe." Wannan amsa ita na yi ta samu gida bayan gida har kwana tara. Ita na samu a bakin wani maƙwabcinmu wanda kowa ya san rumbunsa ya ƙare tun cikin hunturu, gonarsa ta gado kuma tana hannun wani a kan jingina. A takardata shi da Baffa mutum ɗaya ne: dukansu talakawa, dukansu manoman gero da dawa da wake, dukansu asirinsu a rufe. Alhali shi wannan bawan Allah a gonar Baffa yake ƙwadago. Na dawo makaranta da damin takardu da na san ƙarya ce, ko da yake babu wanda ya yi mini ƙarya. Wani tsohon ma'aikacin laburare na kai wa kuka, shi ya miƙo mini littafin Polly Hill.

Ita wannan mata an haife ta a 1914, ta rasu a 2005. Ilimin tattalin arziki ta karanta a Kambirij, kuma kawunta shi ne Keynes ɗin nan da ake koyar da mu a aji ɗaya. Amma ba ta zauna a ofis ba. Ta fara yin suna ne da littafinta na 1963 a kan manoman koko na kudancin Gana, sa'an nan ta zo ƙasar Hausa ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta fitar da littafin Rural Hausa a 1972. Tilas in ɗan tsaya a kan wannan, domin shi ne mabuɗin na Kano. A Batagarawa ba ta bi gida gida tana tambayar mutum ko shi matalauci ne ba. Ta sami mutanen gari waɗanda suka san kowa, ta sa suka raba mata gidajen noma 171 kashi huɗu, bisa ga yadda kowane gida ke iya jure wa shekarar da girbi ya makara ko ya lalace. Kashi na farko su ne waɗanda ko a irin wannan shekara suna iya taimakon wasu da kyauta ko rance. Na biyu ba su taimaki kowa ba, amma ba su wahala ba. Na uku sun ɗan sha wuya. Na huɗu kuwa sun jigata. Da ta gwada wannan rabo da girman gonaki da sauran dukiya, sai ta tarar maganar mutanen gari ta hau daidai.

Ka ga ke nan abin da na kasa samu da tambayoyi arba'in, ita ta same shi da tambaya ɗaya, don ta san wanda za ta yi wa ita. Bahaushe ba ya tona asirin cikinsa ga mai takarda, amma maƙwabcinsa ya san ranar da aka daina jin daka a gidansa.

Littafin Kano ya ginu ne a kan zaman da ta yi a Dorayi a 1971 da 1972, lokacin Dorayi tana ƙauye a ƙasar Kumbotso. Ɗaliban da suka san tsohon mazaunin Jami'ar Bayero za su yi mamaki, domin yau birni ya haɗiye wurin, inda ta auna gonaki gidajen bulo ne da shaguna. Abin da ta tarar a can shi ne jama'a sun yi yawa har gona ta yi tsada ta kuma yi kaɗan, ga manya-manyan gidaje da suka tara magidanta da yawa a cikin danga ɗaya, ga magidanta masu aure da 'ya'ya waɗanda ba su da gona ko kuwa abin da suke da shi bai taka kara ya karya ba. Hujjarta da ta fi kama ni, wadda ta faro tun daga Batagarawa, ita ce talauci yana iya kai mutum inda zai hana shi noma. Mu da muka tashi a ciki mun sani, amma ba mu taɓa jera shi a matsayin ilimi ba. Wanda rumbunsa ya ƙare da bazara, in ruwa ya sauka dole ya tafi ƙwadago don a ɗora tukunya a ranar. Kwanakin da ya kamata ya yi noman firi a gonarsa yana gonar wani. Kafin ya waiwayi tasa ciyawa ta ci ƙarfin gero. Da kaka ya sami ɗan abin da ya samu, ga bashi na jira, sai ya sayar a lokacin da hatsi ya fi araha. Mai hali ya saya ya zuba a rumbu, da marka ya fito da shi a lokacin da ya fi tsada, mai sayen kuwa shi ne wanda ya sayar. Shekara ta zagayo, sai jingina. Bayan jingina sai sayarwa. Hill ta kuma lura cewa irin wannan mutum ko ƙaura ba ya iya yi, domin tafiya ma tana bukatar guzuri da abin da za a bar wa iyali.

Rabin littafin na biyu tarihi ne, kuma a nan ta yi abin da 'yan fanninmu ba su cika yi ba. Ta shiga tsofaffin rahotannin Turawan mulki ta tambayi tsofaffi, ta nuna cewa ƙauyen Kano na 1900 ba wurin noma kaɗai ba ne. Akwai masaƙa da marina da maƙera da fatake masu zuwa Gwanja, akwai rinji da bayi, mutane suna shigowa suna fita. Barth ma da ya zo a 1851 tufafin Kano ne suka fi ba shi mamaki, kuma yawancinsu a ƙauyuka ake saƙa su. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso, gyaɗa ta samu kasuwa daga 1912, yadin waje ya cika kasuwa, sai fatauci da sana'o'in ƙauye suka yi ta ja da baya, arziki ya tattara a birni, aka bar mutumin ƙauye da fartanya. Watau a ganinta talaucin Dorayi yana da ranar haihuwa, ba halitta ba ce. Wannan darasi ne ga duk ɗalibin da ke buɗe kundinsa da cewa mutanen karkara sun kasance cikin talauci tun fil azal.

Bari in ɗan ratse, domin 'yan nazarin harshe. A farkon zamanin Turawa an yi wani tsarin haraji a Kano da ake kira taki, inda malamai ke bin gonaki suna auna su da taku, a yanka wa mutum haraji gwargwadon gonarsa. Ashe ke nan baƙo na farko da ya zo wa kakanninmu da takarda da alƙalami yana tambayar girman gona, kuɗi ya zo karɓa. Gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a 1979, amma ba ta soke tunawa da su ba. In manomi ya rage maka girman gonarsa, gado ya ci. In kuma ya ji ana rabon takin zamani ne, sai gonar ta ninka. Taki biyu ke nan, na taku da na turke, kowanne da irin amsar da yake jawowa.

Yanzu sai in zo kan kalmomi. Kuskurena na farko shi ne fassara kalmar Turawa da talaka. Talaka kalmar mulki ce, kishiyarta basarake, shi ya sa NEPU ta ɗauke ta a 1950 ta yi yaƙi da ita, kuma shi ya sa Baffa ya sa Alhaji mai motoci a cikinta. Wanda ba shi da abin hannu matalauci ne. Wanda abin ya kai shi ga kasa ciyar da gida ana ce masa mabukaci, malamai su ce fakiri ko miskini in ana maganar zakka. Matsiyaci kuwa ya ɗauko zagi, domin tsiya ta haɗa rashi da mugun hali, kuma babu mai jefa wa maƙwabcinsa ita a gaban baƙo. A sama akwai mai hali, da mai ƙarfi, da mai arziki, arziki kuma ya haɗa da 'ya'ya da jama'a da farin jini, abin da ba ya shiga jadawali. A tsakiya akwai mai rufin asiri, wanda ba ya roƙo, ba ya ƙwadago a gonar wani da damina, yana iya yi wa 'yarsa kayan ɗaki ba tare da ya taɓa gona ba. In ka duba da kyau, kashi huɗun nan na Batagarawa kusan wannan tsani ne aka mayar Turanci. Hill ta girmama kalmominmu fiye da yadda mu muke yi: ƙarshen littafinta na 1972 wani dogon sharhi ne da aka jera bisa haruffa, inda ta bi kalmomi irin su gandu da gayauna da jingina da ƙwadago tana bayaninsu ɗaya bayan ɗaya. Ina ganin duk mai nazarin Hausa ya kamata ya leƙa wannan sashe, ko da bai damu da farashin dawa ba.

To, amma yabon gwani ba ya hana a faɗi inda ya yi tuntuɓe. Wanda ya karanta littafin Dorayi shi kaɗai zai rufe shi yana jin cewa ƙasar Kano ta kai bango, jama'a sun fi ƙarfin gona, babu sauran dabara. Ni kuwa a gonar da kakana ya noma, ubana ya noma, har yau ana ɗaure dami. A nan ne ya kamata a ajiye aikin Michael Mortimore kusa da nata. Shi malamin labarin ƙasa ne, ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1962 zuwa 1979, sa'an nan a Jami'ar Bayero har 1986, ya rasu a 2017. Shi da abokin aikinsa Wilson ne suka fitar da bincike a 1965 a kan wannan yanki mai cunkoson jama'a da ya kewaye Kano, inda mutane suka haura 350 a kowane murabba'in mil. Ya ci gaba da bibiyar yankin shekara da shekaru, ya ga farin 1972 zuwa 1974, ya ga cutar da ta kashe gyaɗa a 1975 har dalar gyaɗa ta zama labari, ya ga manoma sun koma wa wake da gero ba su watse ba. Da aka gwada ƙasar da aka ɗiba a 1977 da wadda aka ɗiba a 1990, ba a ga wata babbar raguwar ƙarfi ba. Binciken itacen girki na Kano da ya fito a 1990, wanda Falola na Jami'ar Bayero yana cikin marubutansa, ya nuna itatuwan gonakin kusa da birni ba su ƙare ba duk da yawan masu hura wuta, domin itacen da ke da mai shi ana sassabe reshensa ne, ba a sare shi daga tushe.

Daga baya Frances Harris ta zauna a Tumbau ta ƙasar Gezawa, nan kusa da mu, inda mutane suka haura 200 a murabba'in kilomita, ta bi abin da ke shiga gona da abin da ke fita. Abin da ta samu duk yaron garinmu zai iya faɗa maka, sai dai ba da sunan sinadari ba. Wake da gyaɗa suna ƙara wa ƙasa ƙarfi. Harawa da kara ana kwashe su a kai gida, awaki da tumaki su ci a turke, takinsu da tokar murhu da sharar gida su koma gona a mangalar jaki kafin ruwa ya sauka. Har ƙurar hunturu da muke tsine wa tana sauke wa gona wani abu. Babu abin da ke zubewa a banza. Wannan shi ne Boserup a aikace, kuma da irin wannan hujja ce Mortimore da Mary Tiffen da Gichuki suka rubuta littafinsu na 1994 a kan Macakos ta ƙasar Kenya, wanda ya girgiza masu cewa yawan jama'a kullum kashe ƙasa yake yi.

Wa ke da gaskiya ke nan? Na daɗe ina juya wannan tambaya, kuma abin da na tsaya a kai shi ne ba abu ɗaya suka auna ba. Mortimore ƙasa ya tambaya, ƙasa ta ce lafiya lau. Hill mutane ta tambaya. Laifinta shi ne ta tsaya a Dorayi, ƙauyen da ke bakin birni, wanda cunkosonsa ya wuce na sauran yankin nesa ba kusa ba, ta kuma zauna shekara ɗaya da 'yan watanni, sa'an nan ta sa wa littafin sunan ƙauyukan Kano baki ɗaya. Wanda ya ga mutum rana ɗaya yana zazzaɓi bai kamata ya rubuta tarihin lafiyarsa ba. Amma in aka ce in zaɓi wanda ɗalibin talauci zai fara karantawa, ita zan zaɓa, saboda dalili ɗaya: taki ba ya zuwa kowace gona daidai. Maƙwabcin nan namu ba shi da akuya ko ɗaya. Ɗan takin da ya taru a gidansa, da bazara sayar da shi yake yi, na kuma ga jakin da ya kwashe shi da idona. Harawarsa ma tun tana gona ake saye. Saboda haka in masani ya ɗebi ƙasa a gonaki ashirin ya tara ya raba, zai ce ƙarfin ƙasar garinmu bai ragu ba, kuma gaskiya ya faɗa. Abin da lissafin bai nuna ba shi ne ƙarfin ya tashi daga wata gona ya koma wata, a kan jaki, da rana tsaka. Wannan manomi na tsaka-tsaki da ake samu in an tara an raba, wanda Hill ta yi ta yaƙi da shi har cikin littafinta na 1986 inda ta gurfanar da ilimin raya ƙasa gaban shari'a, ban taɓa gamuwa da shi a kasuwar Gezawa ba. Amma da sunansa ake tsara rancen noma da rabon takin zamani, kuma wanda ke da shanun huɗa da abin biyan kafin alƙalami shi ke amsa sunan in an kira.

Akwai wani gibi kuma da ya shafe su duka, har da ni. Hill ta san da kasuwancin matan kulle, ta ma rubuta maƙala a kansa a 1969, yadda ake sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da fura da hatsi daga cikin gida ta hannun 'yan talla. Duk da haka ma'auninta na gida ne, gida kuma a wurinta maigida ne da gonarsa. Alhali a gidan Bahaushe aljihu ba ɗaya ba ne. Awaki tara na turken Baffa na matansa ne, takin da ke riƙe da gonarsa daga dukiyarsu yake fitowa, kuma in ya ci bashin ɗayarsu sai ya biya. Akwai gidan da maigida ya karye amma adashi da bikin matarsa suna riƙe da shi. Akwai kuma gidan mai hali da za ka tarar da wata tsohuwa ko bazawara a ɗakin baya tana cikin kashi na huɗu ita kaɗai.

Abin da ya rage shi ne namu laifin, mu ɗalibai. Hill da mataimaka 'yan ƙasa ta yi aiki, su suka buɗe mata ƙofofin da mu a buɗe muka same su. Mu ne muka san bambancin matalauci da mai rufin asiri tun muna goye, amma in muka zo rubuta kundi sai mu ajiye wannan sani a bakin ƙofa kamar takalmi, mu ɗauko takardar tambayoyin da aka tsara don wata ƙasa, mu bi bakin titi da rani lokacin da hanya ke da kyau kuma rumbu bai ƙare ba. Robert Chambers ya yi wa wannan ɗabi'a ba'a tun 1983, ya kamanta ta da yawon buɗe ido. Shi baƙi yake nufi. Bai san za a yi 'yan gida masu yawon buɗe ido a garin ubansu ba. Kuma har yau sakamakon duk binciken nan da Turanci yake, a kan kanta, mutanen Tumbau da na Dorayi ba su taɓa jin abin da aka ce an gano a kansu ba balle su ce an yi daidai ko an yi kuskure.

Da hutun damina na koma gida ba tare da takardar tambayoyi ba. Na rubuta sunayen magidantan unguwarmu a 'yan guntayen takardu, na sami dattawa uku, kowanne shi kaɗai, na roƙe shi ya kasa mini su yadda ya ga dama. Biyu sun yi kashi huɗu, ɗaya ya yi biyar, kuma ba su saɓa ba sai a kan gida shida. Da dare ina jera takardun a tsakar gida sai Gwaggona ta tambayi abin da nake yi, na karanta mata. Ta saurara har na gama, sa'an nan ta ce in ɗauke wani gida daga kashi na biyu in kai shi na huɗu.

Na ce, "Gwaggo, ai su Baffa duka uku sun ce yana da rufin asiri. Kullum da wankakkiyar riga yake zuwa masallaci."

Ta ce, "Su a zaure suke ganinsa. Matarsa ta aiko aron turmi? Rabonta da aikowa tun kafin azumi. Kwanon samiru huɗu na jeren 'yarta ni na kai mata su kasuwa a ɓoye."

Na mayar da takardar inda ta ce. Da na kawo aikin makaranta, malamin da ke duba ni ya karanta ya ce abin ya yi ma'ana, sa'an nan ya tambaye ni a wane gurbi na jadawali zan sa aron turmi. Babi na huɗu na kundina yana nan a kan teburinsa, mun yi alkawarin sake zama ranar Talata.